Yadda aka ci mahaifina da yaƙi a kasuwar Zuba

Shekarun baya, lokacin ina sabon ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, ina hayar ciki da falo a unguwar Gudu da ke Abuja, ina ganin kaina wani abu saboda katin ofis da nake ratayawa a wuya, aka ci mahaifina da yaƙi a kasuwar kayan marmari ta Zuba. Na ce yaƙi, amma kada ku zaci an zare wuƙa. Ko murya ba a ɗaga masa ba. Kwanakin nan na ga wani yana ta yaɗa dabarun tsofaffin mayaƙan ƙasar Sin a shafinsa, jama'a suna ta tafa masa, shi ne abin ya dawo min sabo fil.

Mahaifina dillalin lemo ne, kuma mai masauki. Manoma su cika mota daga Binuwai, direba ya kawo ta Zuba, a sauke a gaban rumfarsa. Shi zai ba su wurin kwana da abinci, ya sayar musu da kayan, ya ɗauki la'adarsa, su koma gida. Wasu tun iyayensu suke sauka a wurinsa. Da wannan rumfar ya ciyar da mu, da ita ya sa ni a makaranta, amma ba wannan ne kaɗai ba. Rumfar ita ce shi. In ka gan shi da hantsi a kan bencinsa, motoci sun yi layi, wannan yana jan hannun rigarsa wancan yana kiran Alhaji, za ka rantse ba ya tsufa. A gida kuwa shiru-shiru ne, abinci kawai yake zuwa ci.

Kasuwar tana da dokarta, ba a rubuce take ba amma kowa ya haddace. Ba ka shiga cinikin wani. Ba ka kiran baƙon wani in ya shigo kasuwa, ko da ɗaga gira ne. Ba ka zagin na gaba da kai. Duk wanda ya taka ɗaya daga ciki, gaban manya za a kai shi, su ci shi tara ko su rufe masa rumfa. Sannan akwai wata al'ada da tsofaffin dillalai suka riƙe ƙam: mai masauki ba ya bin manomi gona. Baba yana ganin wannan zubar da girma ne, kamar ka je roƙo. Aikinsa ya zauna a rumfa da amana, baƙo ya zo ya same shi.

Abokina kuwa tare muka tashi. Gidansu yana manne da namu, mahaifinsa ya rasu muna firamare, don haka kwanonmu ɗaya. Mahaifiyata ba ta taɓa zuba min tuwo ba tare da ta tambayi ina yake ba. Bayan ya gama difloma sai ya samu aikin kula da sito a wani kamfanin 'yan Sin masu aikin hanya. A can wani dattijon injiniya ya ɗauke shi kamar ɗa, suna zama bayan an tashi aiki yana ba shi labarin yadda kakanninsu suke yaƙi, har ya ba shi wani ɗan littafi da aka fassara, wanda aka ce asalinsa ya haura shekara dubu biyu. Da kwangila ta ƙare aka sallame su, ya dawo gida hannu rabbana. Baba da kansa ya je wurin manya ya karɓar masa wani ɗan lungu kusa da rumfarsa, ya ce ya riƙa kasa kankana kafin Allah ya kawo wani aikin.

Ina tuna ranar da ya fara yi min maganar. Wata Asabar ce na je Zuba, muna zaune a teburin mai shayi. Ya ce, "Mutumina, ka san 'yan Caina ba sa ganin wanda ya yi faɗa ya ci a matsayin gwani? A wurinsu gwani shi ne wanda ya gama da kai tun ba a fito fili ba. Ya san abincinka ta ina yake zuwa, ya je can ya zauna. In yana da ƙarfi ya nuna maka ba shi da shi. In hagu zai bi, sai ya yi ta kallon dama."

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Na ce, "To Janar, kai da wa za ka gwabza? Da kankana?"

Shi ma ya yi dariya, ya biya kuɗin shayin. Tun daga ranar nake kiransa Janar, ina jin daɗin kaina wai na iya tsokana.

Abin ya fara a hankali, yadda ba wanda zai ce ga ranar da ya fara. Da damina, lokacin da kasuwar lemo take sanyi, sai abokina ya riƙa ɓacewa. In an tambaya ya ce ya je duba wani tsohon abokin aiki. Ya dawo da rigarsa ɗaya tilo da ta koɗe, ya durƙusa ya gaida Baba, ya yi ta kukan kankana tana ruɓe masa. Baba ya yi ta ba shi baki, wani lokacin har ya tura masa kwastoma. Kowa a layin ya ɗauka yaron kankana ya sa a gaba, kuma ba ta karɓe shi ba. Ashe ƙauyukan Binuwai yake zagawa, gona-gona. Ya san wane manomi ne tsutsa ta dama, ya kai masa magani. Ya san wane ne yake asara saboda rashin mota a kan lokaci, ya haɗa shi da direba. Ya san makanikai a kan hanya, ya ba direbobi lambarsa ya ce ko ina mota ta tsaya su kira shi. Ya yi ta haka damina bayan damina, bai taɓa cewa kowa ya bar Baba ba.

Da kakar lemo ta zo, motocin da ke tsayawa a gaban rumfarmu suka ragu. Baba ya ce bana itatuwa ba su yi 'ya'ya ba. Shekara ta zagayo suka ƙara raguwa, ya ce hanya ce ta lalace. Ni kuma ina Gudu, ina fama da fayil, abin da ake gaya min a waya shi nake ɗauka.

Ranar da idona ya buɗe, na je kasuwar ne na tarar da wata mota da na sani tun ina yaro tana sauke kaya a lungun abokina. Lungun ma ya daina zama lungu, ya haɗe da rumfuna biyu na gefensa. Direban wani dattijo ne da ya sha ɗora ni a kan sitiyari ina ƙarami. Da ya gan ni sai ya kau da kai. Na bi shi bayan mota na ce, "Baba direba, yau ɓatan hanya ka yi?"

Ya goge fuska da tawul ya ce, "Oga, kar ka ji haushi na. Mota na ya mutu a hanyan Lafiya, kaya yana ciki, rana yana duka. Wannan yaro ne ya turo makanike. Alhaji mutumin kirki ne, wallahi ban da matsala da shi. Amma mai kaya tun daga gona ya ce wurin yaro za a sauke. Ni direba ne kawai."

Na waiwaya na hango Baba a kan bencinsa, yana jan carbi, gabansa fili fetal. Nan take hirar teburin mai shayi ta faɗo min.

A hanyar komawa, cikin cunkoson motoci, na sayi irin littafin nan a hannun masu tallan littattafai a titi. Na kai shi ofis na ɓoye a cikin fayil, ina karantawa oga yana zaton aiki nake. Kowane shafi na buɗe sai in ga abokina a ciki. Rigar da ta koɗe tana nan. Kankanar tana nan. Makanikan hanya suna nan. Mutanen da suka mutu tun kafin a san za a yi wani gari wai shi Abuja, ga su sun zo Zuba sun zauna a gefen rumfar mahaifina. Ni kuma, Allah Sarki, na ɗauko biro ina ja wa layuka layi, na tsara yadda za mu mayar da martani, har da kibiyoyi. Na ji ni ma na zama Janar.

Na sami Baba a gida bayan la'asar na zazzage masa komai. Na ce mafita ɗaya ce, ya shirya mu tafi Binuwai, ya zaga manoman nan da ƙafarsa, har yanzu suna jin kunyarsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ma'aikaci ke nan." Haka yake kirana in zai yi min ba'a. "Ni da furfurata in bi mutum gona in ce don Allah ka kawo min lemo? Uban wani daga cikinsu a ɗakina ya yi jinya. In sun manta, ni ba zan je in tuna musu ba."

Na ce, "To Baba, a kai shi gaban manya."

Ya ce, "A ce ya yi me?"

Na ce zagon ƙasa yake yi masa. Ban bar shi ya huta ba, na yi ta naci, na haɗa da ƙannensa, har dai ya yarda ba don ransa ya so ba.

An yi zaman a ofishin ƙungiyar 'yan kasuwar, ɗaki ɗaya mai fanka da tabarmi. Abokina ya riga kowa zuwa. Ya cire takalmi tun daga waje, ya ƙi hawa tabarma, ya tsuguna a bakin ƙofa kansa a ƙasa. Ciyaman, wanda sa'an Baba ne kuma amininsa, ya gyara murya ya ce, "Alhaji, yaron nan ya zage ka?"

Baba ya ce, "A'a."

"Ya shiga cinikinka?"

"Bai taɓa ba."

"Ya kira baƙonka a cikin kasuwar nan, ko ya aika a kira masa?"

Baba ya ce, "Ban gani ba, ban ji ba."

Na yi wuf na ce ai ba a kasuwa yake yi ba, gona yake bin su. Ciyaman ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, mu hukuncinmu daga ƙofar kasuwa ya fara, a ƙofar kasuwa ya ƙare. Abin da mutum ya yi a Binuwai, sai ka kai ƙara Binuwai." Wasu suka yi 'yar dariya. Aka juya ga abokina ko yana da magana. Bai ɗago ba, ya ce, "Ni Baba ubana ne. In ya ce in bar kasuwar nan yau, wallahi kafin magariba na kwashe kayana."

Ya san sarai Baba ba zai iya faɗin haka a gaban mutane ba. Dattijo ya kori maraya da ya raina da hannunsa, don yaro ya samu kasuwa? Ina kallo Baba ya ce, "Wa ya ce ka tafi? Yi zamanka. Allah ya yi maka albarka." Aka shafa fatiha. Mu da muka kawo ƙara muka fito muna sunkuyar da kai, shi kuma ya bi Baba da gudu ya juya masa takalmansa.

Washegari na tare shi a bayan rumfarsa, ni da shi kawai. Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa wani mahaluƙi ba, ina so ko sau ɗaya ya harzuƙa ya mayar min. Ko gezau. Ya bari na gaji don kaina, sannan ya ce, "Mutumina, ka gama? Kasuwar nan ta canza, Baba bai canza ba. In ban je gonakin nan ba, wani zai je, kuma shi ba zai durƙusa ya gaishe shi ba. Sannan ka kwantar da hankalinka, ba zan matse shi a bango ba. Zan bar masa ƙofa."

Na san wannan dabarar ma, na ja mata layi da birona a littafin. In ka kewaye abokin gaba, kada ka toshe ko'ina, ka bar masa inda zai bi ya fita da mutuncinsa, don wanda ya rasa mafita shi ne mai yin faɗan mutuwa. Na tsaya ina kallonsa. Na san sunan duk abin da ake yi wa mahaifina, na san wanda zai biyo baya, kuma sanin bai tsinana min komai ba.

Ƙofar ta zo bayan wata kaka da mota ko ɗaya ba ta tsaya a gabanmu ba. Tsohon manomi na ƙarshe da ya riƙe wa Baba amana ya rasu, 'ya'yansa kuma a waya suke magana da abokina. Sai ga shawara ta fito daga matasan kasuwa, kowa ya san daga inda ta taso, cewa a naɗa Baba uban ƙungiya. Aka kafa rumfunan biki, aka kawo masu kiɗa, aka yi shinkafa. Aka ba shi babbar riga da wata kujera mai laushi, irin mai juyawa ta ofis. A wurin aka sanar cewa tunda yanzu Alhaji uban kowa ne, bai kamata a gan shi yana fama da ciniki ba, ɗansa, wato abokina, zai riƙe masa rumfa. Jama'a suka yi kabbara. Mahaifiyata ta yi kukan daɗi da aka ba ta labari. Ni ina tsaye a baya da faranti a hannu, na kasa kai loma baki.

Baba bai daina zuwa kasuwa ba. Kullum da sassafe zai yi wanka ya sa riga, ya je ya zauna a kujerar nan da aka ajiye masa a gaban tsohuwar rumfarsa. Motoci sun dawo, layi har ya fi na da. Kowa ya zo wucewa zai rusuna ya ce, "Baba, barka da hutawa," ya wuce ciki wurin abokina. Ba mai jan hannun rigarsa. Ba mai tambayarsa farashi. In ya sa baki a ciniki sai a ce, "Baba, kar ka wahalar da kanka." Na taɓa zuwa na hango shi daga nesa yana juya kujerar a hankali, hagu da dama, yana bin masu dako da ido. Ban ƙarasa ba, na koma tasha na hau mota.

Daga nan jiki ya fara. Abinci ya ragu, magana ta ragu, sai hawan jini, sai ɓarin jiki ya shanye. Abokina ne ya kawo motar da aka kai shi asibiti, shi ya yi ta zirga-zirga, ba zan ɓoye wannan ba.

Wata rana da yamma, bayan an dawo da shi gida, ina zaune kusa da shi a tsakar gida ina ɓare masa lemo. Mahaifiyata tana kicin. Harshensa ya yi nauyi, sai na matsa kusa nake jin abin da yake faɗa. Ya ce, "Ma'aikaci, kana zaton ban gani ba ko?"

Na ce, "Me, Baba?"

Ya ce, "Tun motar farko na gani. Na san ba hanya ba ce, na san ba itatuwa ba ne. Kullum ina zaune ina jira ya yi kuskure ɗaya, ya ɗaga min murya, ko ya yi wa baƙona inkiya, in samu inda zan kama. Kullum sai ya zo ya durƙusa." Ya ja numfashi. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, bai ma san ya zubo ba. Ya ce, "Da ma ya zage ni. Sau ɗaya tak. Da na san na yi faɗa an kayar da ni."

Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Na miƙa masa ɓarin lemon, ya kau da kai. Bai sake tayar da maganar ba har Allah ya karɓi abinsa kafin kaka ta zagayo. A jana'iza abokina yana gaba wajen ɗaukar makara, ya yi kuka har sai da aka riƙe shi. Kuma abin da ya fi damuna, na san kukan gaskiya ne.

Yanzu shekaru sun ja. Na bar Gudu, na samu ƙarin girma, ni ma ana ce min oga. A tarurrukan horar da ma'aikata sau da yawa wani zai tashi da kwat ya kawo hikimar mayaƙan Sin, yadda ake cin nasara ba tare da an yi arangama ba, a yi ta gyaɗa kai ana rubutawa. Ba na musu, dabarar tana aiki, a gabana ta yi aiki. Abin da ban taɓa ji wani ya tambaya ba shi ne halin da wanda aka ci ta wannan hanyar yake shiga. Wanda aka buge a fili yana da ciwon da zai nuna, yana da wanda zai yi fushi da shi, mutane su zo su ba shi haƙuri. Mahaifina bai samu ko ɗaya ba. An karɓe masa abin da yake rayuwa dominsa, sannan aka sa shi ya sa albarka da bakinsa.

Na so a ce na koyi wani darasi da zan ba ku, amma ban ga wanda zai amfane ku ba. In na ce ku riƙe amana ku zauna inda aka san ku, haka Baba ya yi. In na ce ku tashi ku bi zamani, to ku zama abokina ke nan, kuma har gobe ban iya cewa ga dokar da ya karya ba. Na daɗe ina neman laifin da zan riƙe shi da shi don in samu sauƙi a raina, ban samu ba. Muna gaisawa. In mun haɗu a ɗaurin aure ya rungume ni ya ce mutumina, ni kuma bakina ya kasa furta Janar.

Mahaifiyata tana wurina yanzu, ta tsufa sosai. Ba ta san abin da Baba ya faɗa min a tsakar gida ba, kuma ba zan gaya mata ba. Duk ranar Juma'a, tun daga rasuwar har yau, mota tana tsayawa a ƙofar gidana a sauke kwandon lemo daga Zuba, zaɓaɓɓe, babu ko ɗaya mai tabo. Sai ta ɗaga hannu ta yi ta addu'a, tana cewa ɗan albarka bai manta da mu ba, Allah ya ƙara buɗi, ta juyo ta ce in ce amin. Ina cewa amin. Yarana su kewaye ni suna tsalle, in ɗauko wuƙa in zauna in ɓare musu. Suna cewa ya fi kowane lemo zaƙi, ni dai ban sani ba, rabona da sa lemo a bakina tun yammacin nan.